Sukari ya cinye idon Baba da na Gwaggo, ni ma makanta zan gada?

Assalamu alaikum, Anti. Ni mace ce mai shekara 36, ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Shekara biyu ke nan da aka ce ina da ciwon sukari. Mahaifina ya yi shekara 18 da shi, yanzu ba ya gani sai dishi-dishi, jikansa ke jan sa zuwa masallaci. Ƙanwarsa, Gwaggona, ita ma idonta ya tafi kafin ta rasu. A gidanmu har cewa ake yi makanta gadonmu ce. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne Yayana. Shekararsa 14 da sukari, ba abin da ba ya ci, shayinsa sau uku a rana, amma idonsa garau, yana tuƙa babur ɗinsa, kuma ya ce awonsa na wata uku kullum lafiya lau yake fitowa. Na fara ganin wahalar banza nake sha da magani da ƙauracewa abinci, tunda wanda zai makance zai makance. Mijina ɗan baffana ne, ƴaƴanmu uku, muna kuma son ƙari. Don Allah ki gaya mini gaskiya: gado ne? Ni da ƴaƴana haka za mu ƙare?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta.

Tunda gaskiya kika nema, ba zan rufe ki ba: akwai gado a cikin wannan al'amari. Mutanen gidanku sun lura da abu na gaske, kuma likitoci ma sun daɗe da lura da shi. Inda suka kuskure shi ne sunan da suka ba abin da aka gada. Abin da ke bin jini shi ne ido wanda sukari ke saurin yi wa ɓarna, ko kuwa ido mai jimiri. Tsakanin wannan da makanta akwai shekaru masu yawa, kuma a cikin shekarun nan ne ake yin duk abin da za a yi. Ke kina farkonsu, Baba yana ƙarshensu. Don haka, kafin mu je ko'ina, ina roƙon ki kada ki ajiye maganinki ko na kwana ɗaya.

Bari in nuna miki abin da ke faruwa a cikin idon, don maganar gadon ta zauna miki. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri kamar ɓawon albasa. Shi ke karɓar hoton duk abin da kika kalla ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi silin gashi siranta. Idan sukari ya daɗe yana yawa a jini, bangon jijiyoyin nan yakan yi laushi, kamar yadda ruwan damina ke cin katangar ƙasa shekara bayan shekara. Wasu su kumbura su riƙa yoyo, wasu su toshe ɗungum. Wurin da jini ya daina zuwa sai ya shiga yunwa, ya riƙa fitar da wani sinadari da likitoci ke kira VEGF, wanda aikinsa shi ne kiran sababbin jijiyoyi su tsiro. Sababbin kuwa ragwaye ne. Rana ɗaya sai su fashe, jini ya cika cikin ido, ko su bar tabon da zai riƙa jan tantanin har ya ɗaye shi. A duniya, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu sukari yana da wannan ɓarna kaɗan ko da yawa, amma wadda ta kai ga barazana ga gani kusan ɗaya ce cikin goma. Ki riƙe wannan lissafin da kyau: mafi yawan masu sukari da idonsu suke komawa ga Allah.

To ina gado ya shigo? A 1982 wasu likitoci biyu a Landan, Leslie da Pyke, sun duba idanun tagwaye masu kama ɗaya waɗanda dukansu ke da sukari. A cikin tagwaye 37 masu irin sukarin manya, wanda nake kyautata zaton shi ne naku, 35 ɓarnar idonsu ta zo daidai da ta abokin tagwaicinsu. A birnin Chennai na Indiya, a 2002, an ga cewa idan mai sukari yana da ɓarnar ido, ƴan'uwansa na ciki ɗaya masu sukari sun fi wasu haɗarin samun ta kusan ninki uku. A Finlan kuma, a 2008, an ƙiyasta cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa da mummunan nau'in, wato mai tsirar sababbin jijiyoyi, daga gado yake, ko da yake wancan binciken a kan masu sukarin ƙuruciya aka yi shi. Wasu binciken sun sami ƙasa da haka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da suka fi haɗuwa a kai shi ne gado ya fi nuna kansa a tsananin ciwon: ɗan tabo-tabo kusan duk wanda ya daɗe da sukari zai iya samu, amma wa zai tsaya nan, wa zai zarce, a nan jini ke magana.

Sai dai kada ki ɗauka irin gadon amosanin jini ne, wato sikila, inda ƙwayar gado guda ce, uwa ta ba da ɗaya uba ya ba da ɗaya, a yi awo kafin aure a san matsayi. An yi shekaru ana farautar ƙwayar gadon ciwon idon sukari. An zargi wadda ke sarrafa VEGF, an zargi wata mai juya sukari a cikin ƙwayoyin jiki, an zargi wasu da dama, amma sau da yawa abin da aka gani a wata al'umma ba ya maimaituwa a wata. Fahimtar da aka tsaya a kai ita ce ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasirinta, ana kuma raba su tsakanin ƴaƴa ba daidai ba. Kin san yadda rabon gado yake, uba ɗaya ne amma wani ya tashi da gona, wani da gida. Saboda haka babu awon jinin da za a yi miki yau, a Yamai ko a Faransa, a ce miki ke za ki makance ko ba za ki makance ba. Duk wanda ya ce zai yi miki wannan, kuɗinki yake so.

Akwai kuma gadon da ba a cika lissafawa ba. Hawan jini yana bin gida, kuma shi ne babban abokin sukari wajen lalata jijiyoyin ido. Tukunya ma ana gadonta: yawan sukarin da ake zuba wa fura da kunu, girman malmalar tuwo, shayi mai kauri bayan kowane abinci. Har jinkirin zuwa asibiti ana koyon sa a gida. Ki tambayi kanki, a shekara 18 ɗin nan sau nawa aka leƙa bayan idon Baba kafin ganinsa ya fara raguwa? Ina jin amsar ba za ta wuce "ko sau ɗaya" ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba a gaya masa ba. Wannan kason gadon kina da ikon ƙin karɓar sa.

Yanzu ga Yayanki, wanda a gaskiya ya fi ki tayar mini da hankali.

Mai yiwuwa ne yana cikin masu sa'a. Akwai su. A cibiyar Joslin da ke Boston a Amurka an bi mutanen da suka yi shekara 50 ko fiye da sukari, aka tarar wajen 4 cikin 10 ba su taɓa samun mummunar ɓarnar ido ba, kuma ba duka ne suka fi kowa kiyayewa ba. Jikinsu na da wata kariya da har yanzu ake nazari. Amma wa ya ce Yaya na cikinsu? Wannan ciwon ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya sa ido ja. Mutum zai iya zura zare a allura da safe alhali jijiyoyin nan ragwaye sun cika bayan idonsa, domin tsakiyar gani ce ke aikin zura zaren, ɓarnar kuwa sau da yawa daga gefe take farawa. Ganin da yake yi garau shaida ce ta yau kawai. Ɗan mahaifin da sukari ya makantar, mai shekara 14 da ciwon, wanda ba ki ce an taɓa duba masa ido ba, shi ya fi kowa cancantar ya riga kowa zuwa layin likitan ido.

Maganar awonsa na wata uku kuwa, ina so ki karanta masa wannan sashen da kanki, domin a nan akwai wani gado da ya shafe mu mu baƙar fata kai tsaye. Awon nan, wanda za ki ga an rubuta HbA1c a takarda, yana auna yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne a tsawon rayuwarsu, wadda take wajen kwana 120. Akwai wani hali na gado da ake kira ƙarancin G6PD. Ya yawaita a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro irin namu, domin yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓin. Namiji daga mahaifiyarsa yake gadon sa, kuma ya fi bayyana a maza. Mai wannan hali jajayen ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa kamar na kowa, sai su mutu kafin sukari ya gama manne musu, awon ya fito ƙasa da gaskiya. Wani babban bincike na 2017 ya nuna a maza ragin yakan kai wajen 0.8, wato mai 7.8 takardarsa ta nuna 7. A 2024 kuma, binciken da aka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka ya gano cewa baƙaƙen fata masu wannan hali sun fi samun ɓarnar ido, kuma dalilin da aka gano shi ne takarda tana cewa lafiya, likita bai ƙara magani ba, sukari kuwa yana can yana aikinsa. Sikila da ƙarancin jini su ma suna iya karkatar da wannan awon. Ban ce Yaya yana da shi ba. Abin da nake so shi ne ya riƙa yin awon ɗan yatsa, da safe kafin ya ci komai da kuma awa biyu bayan abinci, na ƴan makonni, ya rubuta a littafi, ya kai wa likitansa a gwada da na wata ukun. In sun yi hannun riga, likita ya san abin da zai bincika. Ke ma ki yi haka.

Kin ce kina ganin wahalar banza kike sha. Na fahimci inda wannan tunanin ya fito, mutum ya ga yana ƙin alkaki ranar biki, wani yana ci yana dariya, dole zuciya ta yi rauni. Amma an gwada wannan wahalar, an auna amfaninta. Daga 1983 zuwa 1993 an bi mutum 1,441 masu sukari a Amurka da Kanada, aka raba su biyu, rabi aka matsa wajen sauko da sukarinsu kusa da na mai lafiya. A cikin waɗanda suka fara da ido lafiyayye, haɗarin samun ɓarna ya ragu da kashi 76 cikin 100. Waɗanda ta riga ta fara musu kuwa, ci gabanta ya ragu da kashi 54. A Ingila, binciken da aka bayyana a 1998 kan masu sukarin manya ya nuna cewa riƙe hawan jini da kyau ya rage taɓarɓarewar ido da wajen kashi ɗaya cikin uku. Mutanen nan ba a tace su an fitar da masu mugun gado ba, har da su aka samu wannan sakamako. Wanda katangarsa ta fi laushi ai shi ya fi bukatar yaɓe kafin damina. Mu musulmi ne, mun yarda da ƙaddara, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Abin da nake so ki yi cikin wannan watan shi ne ki je sashen ido na babban asibitin ƙasa na nan Zinder, ki ce kina da sukari, kina so a duba miki bayan ido. Ki faɗi maganar Baba da Gwaggo tun kafin a tambaye ki. Kada ki ce ai shekara biyu ce kacal. Sukarin manya yakan yi shekaru a jiki kafin a gano shi, shi ya sa ƙa'ida ita ce a duba ido tun lokacin da aka gano ciwon. A wancan binciken na Ingila, sama da kashi ɗaya cikin uku an tarar ɓarnar ta riga ta fara musu ranar da aka ce suna da sukari. Za a ɗiga miki magani ya buɗe baƙin idon, likita ya haska ya leƙa. Ba zafi, sai ɗan yaji na ɗan lokaci, amma za ki yi awoyi kina gani garara-garara, hasken rana kuma zai dame ki, don haka ki tafi da ɗan rakiya da baƙin tabarau. Karanta haruffa a allo don a yanka miki tabarau wani abu ne dabam, bai wadatar ba. Daga nan kuma duk shekara, ko yadda likita ya tsara in ya ga wani abu. Ki ɗaura shi da wani lokaci da ba ya ɓacewa, misali duk bayan babbar salla. A duba miki fitsari ma, domin ƙoda da ido jijiyoyinsu iri ɗaya ne, sau da yawa tare suke lalacewa.

In an ga ɓarna da wuri akwai abin yi. Ana ƙona wuraren da ke kiran miyagun jijiyoyin da hasken leza, kuma tun shekarun 1970 aka tabbatar wannan yana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. Akwai allurar da ake yi a cikin ido mai kashe ƙarfin VEGF, tana sauke kumburin tsakiyar gani. Jin sunanta ya fi yin ta ban tsoro, ana sa maganin kashe zafi a wurin tukuna. In aikin ya fi ƙarfin kayan da ke kusa, likitan ne zai tura ki inda ya dace. Waɗannan magunguna sun fi iya tsare ganin da ya rage a kan dawo da wanda ya tafi, shi ya sa nake ta nanata sauri. Ranar da kika ga baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun cika miki ido farat ɗaya, ko jan hayaƙi, ko kamar an saki labule ta gefe, ko layin da yake miƙe ya karkace, kada ki jira gobe. Kuma don Allah ki nisanci maganin ɗigawa na teburin kasuwa. Babu kwalli, babu zuma, babu ruwan ganyen da ke isa bayan ido, wasu magungunan ɗigawar kuma suna tayar da hawan jinin ido su ƙara wata cutar a kan wata.

Batun ƙarin haihuwa: ba a hana ki ba, amma a duba idon kafin ki ɗauki ciki, a sake a watanni ukun farko, domin ciki yana iya hanzarta ɓarnar da ta riga ta fara. Ki gaya wa likitanki niyyarki tun yanzu, saboda wasu magungunan hawan jini da na kitsen jini ba a shan su da ciki, kuma a daidaita sukarin a hankali kafin cikin ya fi a sauko da shi da gaggawa bayan ya shiga.

Ƴaƴanki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ba wanda ke samun ciwon idon sukari sai ya fara samun sukarin. Tunda ke da maigidanki jini ɗaya ne, kuma ciwon yana dangin, haɗarin sukarin ya fi yawa gare su in sun girma, wannan gaskiya ne. Ba dalilin nadamar aurenku ba ne, kuma ba abin da za ki riƙa tsorata yara da shi ba ne. Ki rage lemon kwalba da alewa a gidan, su yi wasa su yi gudu, kada ƙiba ta kama su, in sun zama manya su riƙa awo. Shi ma maigidan ya auna nasa, ɗan baffanki ne, kakanku ɗaya. A Afirka fiye da rabin masu sukari ba su san suna da shi ba.

Na bar maganar Baba a ƙarshe don ita ta fi tsaya mini a rai. A wasiƙarki ba ki ce likitan ido ya taɓa duba shi ya ce ba abin yi ba, cewa kika yi yana gani dishi-dishi. Masu sukari suna saurin samun yanar ido, ita kuwa ana cire ta da aiki mutum ya koma gani. Hawan jinin ido, wanda shi ma yake bin gida ƙwarai, ana iya tsayar da shi a ceci abin da ya saura. Ko jinin da ya taru a cikin ido akwai aikin da ake yi a kwashe shi. Ba zan yi miki alkawarin ganinsa zai dawo ba, shekarun sun yi nisa. Amma ko ɗan abin da zai sa ya gane fuskar jikan da ke jan sa ya isa a yi tafiyar dominsa. Sannan sanin ainihin abin da ya ci idonsa zai nuna wa likita abin da zai fi sa wa ido a naki da na Yaya. Gwaggo ta tafi ba a san nata ba, na Baba ana iya sani.

Ki sami Yaya ki ce masa Baba za ku kai asibiti, kina bukatar ya raka ku. Ba zai ƙi wannan ba. Ku bar babur a gida ranar, ku ɗauki ɗan rakiyar da ba za a ɗiga wa magani ba, in kun isa ku karɓi kati uku. Ki rubuto mini abin da likita ya ce game da kowannenku, ina jira.